Ka Ce Zancen 'Yan Boko Ne? Taso Mu Je Gonarka

Ajiye tsakin nan, Malam, ai ban ma fara ba. Na san halinka sarai. Da an ambaci kare muhalli, ko aka ce mutanen gari su zauna su koya wa juna neman abinci ta hanyar da ba za ta cinye rabon jikoki ba, sai ka turo hula gaban goshi, ka ce, "Af, an kuma! 'Yan boko sun samo sabuwar hanyar cin kuɗin Turawa." Daga Kankiya har Kusada babu majalisar da ba ta da irinka, mai kujerar dindindin a gefen mai shayi, wanda ko cewa aka yi rana ta fito sai ya ce a kawo shaidu biyu. To yau da kai nake, kuma ba inda za ka sai mun gama.

Ka ce wannan zancen masu ƙoshi ne? Wai wanda ke fafutukar kuɗin cefane ina ruwansa da ɗumamar duniya? Madalla da wannan tambaya, ta rage mini aiki. In damina ta yi jinkiri, ko ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, albashin wa ake yankewa a Abuja? Ba na kowa ba. Rumbun wa ke kwana wayam? Kada ka kalli maƙwabcinka, naka nake nufi. Nawa ka sayi buhun takin zamani kafin 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren bai hargitsa kasuwar taki ba, nawa kuma ka saya bana? Nawa kake zuba wa injin ban-ruwa kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi? Ka ga ka yi shiru. Mai ƙoshi in zafi ya dame shi na'urar sanyaya ɗaki yake kunnawa. Kai kuwa inuwar bedi kake nema, ita ma an sare ta bara an yi gawayi.

Ka ce baƙon abu ne, ba mu gada ba? Kai, Malam, ka ji tsoron Allah! Fita bayan gari a ƙarshen rani, ko ta hanyar Rimaye ko ta wajen Yashe, ka buɗe ido. Ga yaro can yana kora jaki da mangala, ga amalanke biye da shi, ga tsibi-tsibin taki baƙi wuluk an jera a gona ana jiran ruwan farko. Me ke cikin tsibin? Kashin awaki, sharar tsakar gida, toka, ragowar harawar da tumaki suka tattake, duk abin da gida ya tara tun kaka. Gona ta ciyar da gida da dabba, su kuma sun mayar mata da nata. Ɗaga kai ka ga harawar wake da ta gyaɗa an ɗaure a kan reshe da kan soro, don kada akuya ta yi wa kanta rabo kafin lokaci. Wa ya koya wa kakanka shuka wake a tsakanin gero? Daga baya masana suka zo suka auna, suka ce saiwar wake na da wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne kuwa wanda kake biyan kuɗi ka saya a buhun yuriya. Kakanka bai san sunan sinadarin ba, amma ya san gonar da aka yi wake ba ta yi wa gero rowa.

Leƙa kasuwa kuma. Gugar bakin rijiya tsohon tiyub ne, takalmin da makiyayi ke taka ƙaya da shi tsohuwar taya ce. Ɗan gwangwan da kake wa kallon raini shi ke tattaro alminiyam, maƙeri ya narka ya fito da tukunyar da aka tuƙa maka tuwon jiya. A Turai sai an yi doka, an raba kwandon shara kala-kala, kafin mutum ya yarda ya ware kwalba daga takarda. Kai kana yi tun kana yaro, ba ko sisin tallafi, sannan ka zauna kana ce mini baƙon abu ne.

A'a, dakata, kada kanka ya kumbura. Na ga ka fara murmushi, za ka ce, "To ashe mun iya, sai a ƙyale mu." Wa ya ce ka iya? Rabin karatun ka riƙe, rabin ka yar a hanya. Zamanin kakanka in gona ta gaji sai a bar ta saura, ta huta shekaru, a koma wata. Yau ina saurar? A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 150,000 a ƙaramar hukumar Kankiya, kusan 100,000 a Kusada. Jariran da aka ƙirga a goye a lokacin, yau wasunsu su ke da goyo. Mutane sun ƙaru, gona ko taku ɗaya ba ta ƙara ba, rabon gado sai daɗa yanka ta yake. A da bayan girbi Bafulatani kan sauka da garkensa a gonarka, shanu su ci kara su bar maka taki, ka ba shi damin hatsi, kowa ya tafi yana godiya. Yanzu da zaman ya yi tsami a wurare da dama, wannan takin ma ya yi wuya. Dabarar da ta ishi mutum goma ba za ta ishi hamsin ba sai an yi mata ƙari, ƙarin nan kuwa koyonsa ake yi.

Mu zo kan itace, inda laifinka ya fi fitowa fili. Ka san gawo? Ka ce wace irin tambaya ce wannan, ɗan ƙauye da gawo? To faɗa mini, guda nawa suka rage a gonarka, kuma a cikinsu wanne ne yaro, wanda bai kai ka tsawo ba? Ka ga inda gizo ke saƙa. Manyan da kake tinƙaho da su na kakanka ne, ƙananan kuwa duk shekara kai kake bin su da sara lokacin sharar gona. Alhali duk dajin nan babu itacen da ya san ya kamata irin gawo. Sauran itatuwa da damina suke yin ganye su rufe shuka da inuwa. Shi kuwa da ruwa ya sauka sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, rana ta ratsa ta sami gero, ganyen da ya zubar ya ruɓe a gindinsa. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya, tumaki da shanu su taru a inuwarsa suna ci suna zuba maka taki kyauta. Je ka duba geron gindin gawo a watan Agusta, ka gwada shi da na tsakiyar fili: ya fi duhu, ya fi kauri, zangarniyarsa ta fi cika. Ɗan ƙwadago ne da ba ya neman lada, ba ya zuwa biki ranar noma, kai kuma ka sallame shi da gatari.

Ka ce ai ana dashen itace kowace shekara, ina amfanin da ya yi? Nan kam ba zan ja da kai sosai ba, amma kada ka saba. Mun sha gani: a kafa rumfa, a zo da jiniya, babban baƙo ya tattare babbar riga ya dasa ɗan tsiro, a zuba masa ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto, a watse. Kafin la'asar akuyar unguwa ta zo ta yi nata bikin rufewa. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Katsina kuma na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi kam an ambata, kuma ba a rasa wuraren da aka yi aiki ba. Amma tsiron da ba shi da mai shi, wanda ba mai kewaye shi da ƙaya ya ba shi ruwa a watan Afrilu, ko da dala aka sayo shi abincin akuya ne.

Sai dai akwai wata hanyar, kuma ba daga Ingila za a ɗauko ta ba. Bi ta Katsina, ka wuce Jibiya, ka tsallaka Maraɗi. Tafiyar ba ta kai zuwa Kaduna ba. Su wa ke can? 'Yan'uwanka ne, Katsinawan da suka yi arewa bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau Sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Ƙasarsu ta fi taka rairayi, ruwansu bai kai naka ba. A shekarun farin 1973 da na 1984 gonakinsu sun zama fili fetal, iska na binne shuka da yashi, sai mutum ya yi shuka sau biyu sau uku kafin ta tsaya. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dasa itatuwa a can suna mutuwa, sai a 1983 ya lura da abin da kowa ke takawa ya wuce. 'Yan tohon nan da ke fitowa a gonaki ana sharewa, ashe kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa.

Aikin kuma don sauƙi har kunya yake ba mutum. In ka zo sassabe ka tarar da kututture ya yi toho ashirin, kada ka share duka ka cinna wuta. Zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa ka bar su, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, ka rage rassan ƙasa-ƙasa. Shi ke nan. Ba sayen iri, ba ban-ruwa, domin saiwar ta girmi ɗanka na fari, ta san inda ruwa yake. Abin da ka datse ka kai gida a hura wuta. Baɗi ka sake zagayowa ka gyara. Cikin 'yan shekaru kana da itacen girki, kana da ganyen dabbobi, kana da abin tare iska. Can suna ce masa sassaben zamani. Da aka duba hotunan tauraron ɗan'adam daga baya, masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram, itace kusan miliyan 200.

Ka ce ai Bature ne ya koya masu? Mutum ɗaya ba ya zaga hekta miliyan 5 da wuƙa, Malam. Ido ne ya yaɗa abin. Wannan ya leƙa gonar wancan ya ga shukarsa ba ta binne ba, iyalinsa ba sa tafiyar rabin yini neman itace, sai ya tambaya, aka nuna masa, shi ma ya nuna wa surukinsa. Gani ya kori ji. Abu na biyu kuma, wanda masu jawabi ba su cika faɗa ba: sai da manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne, ba ma'aikacin daji da zai ci shi tara don ya sari reshe a gonarsa, sannan ya sa ƙwazo. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga har kwamiti suka kafa, da maza da mata da makiyaya, mai sa ido kan masu saran dare. Hausa ɗaya kuke ji da mutanen nan, tuwo ɗaya kuke ci. Ko sai an fassara maka daga Faransanci?

Ka ce ruwa na Allah ne, in bai ba da ba ko daji ka shuka a banza? Haka ne, ba mai ja da wannan. Amma na lura da dare kana kulle shagonka da kwaɗo biyu, babur ɗinka kuma a cikin ɗaki yake kwana. A can ba ka ce tsaro na Allah ne ka bar ƙofa a buɗe ba. Tawakkalin naka sai an zo kan itace yake motsawa? Je ka tambayi limamin unguwarku matsayin wanda ya dasa itace mutane da dabbobi suka amfana. In ya ce maka ba lada, dawo ni zan biya shayinka na wata guda. Kuma ban ce itacen gonarka zai kira hadari ba. Cewa na yi ruwan da Allah Ya ba ka, ƙasa mai ganye da taki da saiwa riƙe shi take yi. Ƙasa tsirara kuwa sakinsa take ya gudu, ya tafi da takin da ka ciwo bashi, ya bar maka zaizayar da ke cin gona kowace damina.

Yanzu na san makamin da ka ɓoye a aljihu. Za ka ce, "Ina wutar solar da aka ce za a yi mana a Kankiya?" Fito da shi, ai ban manta ba. A watan Yulin 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a sari, kan za su samar da megawat 1,125 daga hasken rana. A ciki har da Pan Africa Solar, da zai kafa tashar megawat 75 a Kankiya. An zaɓi wurin da hujja: ga rana ba ƙarya, ga tashar wuta a kan layin Kano zuwa Katsina. Sai aka shiga ja-in-ja kan farashin da za a sayi wutar da lamunin da gwamnati za ta tsaya wa masu zuba jari, shekaru suka yi ta wucewa, takarda ta ƙi zama wuta. In kuma ka nufi Katsina, ga fankokin Lambar Rimi can guda 37, na megawat 10, da aka kwashe sama da shekara 10 ana jan ƙafa a kansu. Ka ci wannan zagayen, na ba ka. Tafa wa kanka.

Ka gama? To wayar da ke hannunka, a ina ka yi cajinta? Ba wajen yaron nan mai rumfa a bakin tasha ba, wanda ya ɗora faranti biyu a kan kwano, ya jera wayoyi a kan katako kowace da lambarta? A da janareto yake tayarwa, ga ƙara ga hayaƙi, ribar duk ta tafi gidan mai. Ruwan da ka yi alwala da shi ɗazu, ba famfon sola ne ya tura shi tanki ba? Mai kayan sanyi, mai aski, 'yan fadamar da suka fara ajiye injin fetur suna sayen na rana, wane taro aka kira aka roƙe su? Lissafi suka yi. Wani ya fara, saura suka zuba ido suna jiran ya karye, da bai karye ba suka bi sahu. Babbar tasha na jiran sa hannun manya, ƙananan faranti kuwa sun riga sun hau rufin gari. Rana dai ba ta taɓa zuwa da tsani ta yanke wa kowa waya ba.

Kada kuma ka ce na zama dillalin sola. Ita ma tana da nata karatun, rashinsa ne ke sa ka ga fitilun titi sun mutu an bar sanduna tsaye. Ƙurar hunturu in ta lulluɓe faranti ƙarfinsa raguwa yake, sai ana gogewa. Batir in ana zuƙe shi ƙaf kullum ba ya daɗewa, in ya mutu kuma ba abin fasawa a tsakar gida ba ne yara na wasa, domin dalma ce a cikin irin wanda aka fi saya, ita kuwa guba ce. Mai famfon rana shi ma, don ba ya sayen mai, sai ya bar ruwa na kwarara tun safe har yamma, ya manta ruwan ƙarƙashin ƙasa ƙarewa yake. Duk wannan wa zai koya wa mutane? Ga sana'a nan zaune: haɗawa, gyarawa, tattara matattun batura a kai inda ya dace. Ɗanka da ke jiran aikin gwamnati tun da ya gama sakandare fa?

Hajiya, na ji dariyarki daga bayan labule, kina jin daɗi ana wanke Malam. Matso, naki ya zo. Kin ce tuwon murhun duwatsu uku ya fi daɗi, haka kika tarar da kakarki na yi? Ban musa daɗin ba. Amma dubi wutar da kyau: harshe ɗaya na lasar tukunya, uku suna fita ta gefe suna dafa iska. Murhun da aka kewaye da yumɓu, aka bar masa ƙofa ɗaya, tukunya ta zauna daram a bakinsa, wuri guda yake tara zafin, kuma maginan tukwane na nan kusa za su iya yinsa. Hawayen da kike yi a madafa da tarin da goyonki ke yi ba gadon kaka ba ne da za a riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa. Kin ce gas ya yi tsada? Ya yi, shi ya sa ban ce gas ba, yumɓu na ce.

Sai leda. Ƙosai, leda. Manja, leda. Koko mai zafi ma, leda. Kwanonin gidan duk yaji suka yi? Tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbin akuyar da ta rame ta ƙi ci: dunƙulen leda, ya cukuikuye. Akuyar nan kuwa ita kike shirin sayarwa ranar da aka sa bikin 'yarki. Ledar da ta tsira daga bakin akuya ta toshe kwata, ruwan Agusta ya rasa hanya ya shigo ɗaki. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma har yau ba a ji an daina cefane a can ba.

To, Malam, ka ce duk ka ji, amma ina za a yi wannan karatun, kuma nawa ne kuɗin zama? Ka ga ka tona kanka! An saba mana da bita a babban ɗaki a birni: a raba jaka da biro, a ci shinkafa da kaza, wani ya yi ta haska rubutun Turanci a bango, a sa hannu a karɓi ambulan. Wanda aka tura kuma sau da yawa ba shi da kunya ko ɗaya, ta gona nake nufi. Ya dawo, jakar ta zama ta 'yarsa ta Islamiyya, karatun ya tsaya a tasha. Ban ce masana ba su da amfani ba. Malamin gona na hukumar noma ta jiha, KTARDA, da ya san aikinsa abin nema ne. Amma a kawo shi gindin kututture, da wuƙa a hannu, manoma ashirin na kewaye da shi suna yi masa irin gardamar da kake yi mini.

Ajujuwan ma ai a gine suke. Majalisarku da ake kwashe awa uku ana naɗa gwamna ana saukewa, a ba gona minti ashirin mana. Adashen mata da ke sayen kwanuka da atamfa, zagaye ɗaya ya sayi murhu. Liman na da mumbari duk Juma'a. Makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya tana yaye duba-gari. Kafin su tafi duba garin wasu, su fara da kwatocin garin da ya koyar da su. 'Yan firamare a ba kowa tsiro ɗaya da sunansa, ka sha kallon yadda yaro ke faɗa da akuya. Sauran aikin na masu rawani ne. Hakiman Kankiya da Kusada su tara dagatai da masu unguwanni a tsayar da magana ɗaya, cewa itacen da mutum ya raya a gonarsa nasa ne, wanda ya sare shi da dare hukuncinsa ɗaya da ɓarawon dami. A kuma zauna da makiyaya da masu gawayi a kan ina za a sassaka, ina za a bari. Mai gawayi ba gaba yake yi da inuwa ba, tuwo yake nema. In ba a samar masa itacen da zai riƙa sara yana tohowa ba, wa'azi ba zai ƙwace gatarin ba.

Ka ce in ka bar itace a gona inuwa za ta kashe shuka, tsuntsaye kuma su cinye maka gero? Wannan ce gardamar farko mai ma'ana da ka yi tun ɗazu, har na ji daɗi. Eh, ba kowane itace ake bari ba, ba kuma ko'ina ba. Bedi da turare ba na tsakiyar gona ba ne, wurinsu iyaka da bakin hanya. Gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, su ake gyarawa a bari, in reshe ya yi yawa ka rage, ragin ma riba ne. Tsuntsu kuwa, jan-baki in ya taso bai taɓa tsallake gona don ba ta da itace ba. Kuma ban ce ka yarda da ni ba. Raba gonar: kusurwa ɗaya ka yi yadda na ce, sauran ka yi yadda ka saba, ka auna damin kowanne.

Saboda haka bana, in an fara sharar gona, kafin ka ƙyasta ashana zaga ka ƙirga kututturan da suka yi toho. Zaɓi goma ka gyara, ka ɗaura masu tsumma don yaran da ka ɗauka ƙwadago su san ba na sara ba ne. Ka ja maƙwabcin gonarka ya gani, don in ya gane ba zai sakar maka awaki a kai ba. In shekara uku ta cika ba ka ga bambanci ba, gatarinka na nan, ba wanda ya karɓe. Sare su ka sayar, itacen ma kuɗi ne, ka zo majalisa ka yi mini dariya a gaban kowa. In kuwa ka ga bambanci, ba na son godiya, ka dai koya wa mutum biyu.